Tambayoyinku: Zan iya zuwa Ghana ba ejan?

Salam Anti, daga Unguwar Rimi nake, ina so in je Accra hutu ni kaɗai amma kuɗin ejan ya fi ƙarfina, wai zan iya shirya komai a waya?

Wa'alaikissalam ƙanwata, sosai ma kuwa. Ghana tana cikin ECOWAS, ba ruwanki da biza har kwana 90, fasfo dai da katin rigakafin shawara, shi kam kar ki yi wasa da shi don a filin jirgi za a tambaya. Ki duba farashin tikitin jirgin sama a shafin Google Flights amma ki saya a shafin kamfanin jirgin kai tsaye, sai ki hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja tun ana gobe tafiya, don daga Abuja za ki tashi. Masauki kuwa, Booking.com, ki karanta ƙorafin waɗanda suka kwana, don Allah kar ki tura wa kowa kuɗi ta WhatsApp.