KU TAMBAYA MU AMSA: Farin akwati ya fito a bayan tambarina, laifin waye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ina sana'ar turaren wuta da humra ne a gida, wani yaro ya zana min logo mai kyau da ruwan gwal, to sai na kai a buga min sitika ta kwalabe guda 500, kalar sitikar jinin kare ce mai duhu, wallahi da aka kawo min aikin sai ga logon zaune cikin wani farin akwati kamar an manna hoton fasfo a kan atamfa. Na yi wa mai bugawa magana ya ce shi abin da na turo masa ya buga, na kira yaron ya rantse shi ba da farin baya ya ba ni ba. Kuɗina dai sun tafi. Dan Allah laifin waye, kuma ya zan yi kar a maimaita? Daga wata 'yar uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Ba ki faɗa ba amma zan yi canke, yaron ta WhatsApp ya turo miki logon a matsayin hoto, ke ma kika danna kika tura wa mai bugawa haka. In haka ne to su biyun duk gaskiya suka faɗa miki, a hanya aka yi ɓarnar.

Bari in warware. Fayil ɗin hoto iri-iri ne, wanda wayoyinmu suka fi sani shi ne JPG, shi kuma tun da aka fito da shi a 1992 don hoton kyamara aka yi shi, bai san wani abu wai shi "nan babu komai" ba. Kowane ɗigo na cikinsa dole ya ɗauki kala. Shi kuwa PNG da ya zo a 1996 ban da kalolin ja da kore da shuɗi yana da wani ma'auni na huɗu da ke faɗa wa kwamfuta wannan ɗigon a rufe yake, wancan kamar gilashi yake ana hango abin da ke bayansa. To yaron ya ba ki PNG mai baya kamar gilashi, amma WhatsApp in aka tura abu ta ɓangaren hoto matse shi yake yi ya mayar da shi JPG don ya rage nauyi, wurin da babu komai ɗin nan sai a cike shi da fari, wani lokacin ma baƙi. Sikirinshot ma haka yake yi, Facebook ma kar ki yarda da abin da kika sauke daga can.

Kin san abin da ya sa ba ki gani ba tun farko? Injin buga takarda na yau da kullum tawada huɗu gare shi, shuɗi mai haske, ja mai kama da hoda, ɗorawa da baƙi, su ake ce wa CMYK. Babu farar tawada a ciki. Fari a wajensa yana nufin kar a zuba komai a bar takarda yadda take. Shi ya sa logo mai farin baya zai yi shekara ana buga shi a kan rasit da farar takarda ba wanda ya lura, ranar da aka ɗora shi kan kala mai duhu ranar asiri ke tonuwa, injin ya zuba jinin karenki ko'ina ya tsallake wannan murabba'in.

Amma fa ni ban wanke mai bugawa tas ba. Akwatin nan yana fitowa ƙarara a fuskar kwamfutarsa tun kafin ya danna komai, kira ɗaya zai yi ya ce Hajiya logon nan akwai matsala. Mutum ya ga haka ya buga 500 ya yi shiru, wannan ba aikin kirki ba ne, ko da ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Yanzu ga abin yi. Ki koma wajen yaron ki ce ya ba ki ainihin fayil ɗin da ya yi zanen a ciki. In da CorelDRAW ya yi, wanda yawancin shagunan firintin ɗinmu shi suke amfani da shi, zai ba ki fayil mai suna CDR, in Illustrator ne mai suna AI, sannan ya haɗa miki da PDF ko SVG. Waɗannan su ake kira bekta, wato zanen ba ɗigo-ɗigo ba ne, layuka ne da lissafi, babu wani baya a jikinsa sam balle a yi maganar cirewa, kuma ko a murfin kwalba ko a allon talla na bakin titi kaifinsa ɗaya. Ki ce masa ya mayar da rubutun zane kafin ya turo, a Corel Ctrl da Q ne kawai, in ba haka ba kwamfutar da ba ta da irin salon rubutun nasa za ta musanya da wani, sunan kamfaninki ya fito wani iri.

In kuma a waya ya yi da PixelLab ko Canva, wanda na fi zargi, to galibi PNG za ki samu, ba laifi, amma ya fitar da shi babba. Lissafin ba wuya, abin da za a riƙe a hannu a kalla ana so ya samu ɗigo 300 a kowane inci, logon da zai kai santimita 5 a sitika yana buƙatar faɗin fiksel, wato ɗigon hoto, wajen 600, ni dai ina cewa a ba ni 2000 zuwa sama in huta, ragewa ba ta ɓata hoto, ƙarawa ce ke sa shi dishi-dishi. A Canva kuma akwai ɗan akwatin da ake dannawa wajen saukewa don baya ya fita babu komai, kuma na masu biyan kuɗi ne, wanda bai danna ba ko PNG ya zaɓa da farin bayansa zai sauko. Wannan ya kayar da mutane da yawa, suna ɗauka duk abin da sunansa ya ƙare da PNG shi kenan.

Sai turawa. A WhatsApp ki danna alamar maƙala abu ki zaɓi Document, ki nemo fayil ɗin daga nan, haka zai isa yadda yake ba a taɓa shi ba. Ko imel, ko filash. Kuma ki ajiye kwafi a imel ɗinki don waya tana ɓata, yaron ma wata rana zai canza lamba.

Kafin ki biya kuɗin aiki mai yawa ki ce a ɗora logon a kan baƙi a nuna miki, sannan a buga guda ɗaya tak ki riƙe a hannu. Gwal ɗin nan ma ki shirya ranki, PNG kalolin fuskar waya yake ɗauka ba ya ɗaukar CMYK, gwal mai sheƙi a waya yakan fito ruwan ƙasa-ƙasa a takarda, in ƙyalli kike so na gaske sai an yi da foyil, wato siririyar takarda mai ƙyalli da ake mannawa, kuma kuɗinsa daban.

TAMBAYA: Malam ni ainihin fayil ɗin ya ɓace, mai zanen ma ban san inda yake ba. Na cire bayan da wata manhaja ta kyauta, a waya ya yi fes, amma da aka buga a baƙar riga sai wani farin zare ya zagaye harufan. Daga wani ɗan uwa a Zariya.

AMSA: Ɗan uwa wannan zaren ragowar tsohon bayan ne. Gefen harafi a hoto ba a yanke yake ƙat ba, akwai ɗigogin da kalar harafin ta gauraya da farin da ke bayansa don ido ya ga santsi, manhajar ta cire fari tsantsa ta bar waɗannan masu ruwa biyun. A kan farin allo ba za ka gan su ba. Injin DTF da ake buga riguna da shi kuwa yana da farar tawada, yana shimfiɗa ta ƙarƙashin duk inda ya ga akwai kala ko da kaɗan ce, sai ragowar nan ta fito fili. Inuwa da hayaƙi-hayaƙin da ake sa wa logo su ma haka suke yi a riga mai duhu, gara a cire su. Ƙari a kan haka, shafukan cire baya da yawa ƙaramin kwafi suke bayarwa kyauta, babban sai an biya.

Maganin shi ne a sake zana shi ya koma bekta. Corel yana da PowerTRACE, Illustrator yana da Image Trace, Inkscape ma kyauta ne kuma yana yi, duk bin sawun hoton suke yi da kansu su mayar da shi bekta. Amma in logon akwai rubutu ni ban cika son bin sawun inji ba, harufa kan fito da gefe kamar ɓera ya gwigwiya, gara mai dizain ya zauna ya sake rubutawa ya bi zanen da hannu, aikin awa ɗaya ne ko biyu ga wanda ya iya, kuma sau ɗaya za ka biya.

TAMBAYA: Na sauke tambarin makarantarmu daga Google, da idona na ga ƙananan akwatunan nan masu fari da toka kamar allon dara a bayansa, amma da aka buga kalanda sai darar ta fito a jiki. Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

AMSA: Malam an yi maka na jabu ne. Ita wannan darar alama ce kawai da manhajoji irin su Photoshop ke nunawa a wurin da babu komai, ba ta cikin hoton. Wasu sai su ɗauki hoton allon da darar a ciki su ɗora a intanet, ta zama zane kamar kowane zane. Yadda za ka gane, ka jefa shi cikin Word ko Canva a kan shafi mai kala, in na gaske ne darar za ta ɓace kalar shafin ta bayyana, in ta tsaya daram to ka nemi ofishin makarantar ko wanda ya buga musu takardar shaida ta ƙarshe, galibi fayil ɗin yana kwamfutarsa.