Anya bargon leda mai sheƙi zai kare mai hawan dutse daga sanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina muna shirin tashi daga Garwa mu je hawan Dutsen Kamaru ta garin Buea. An ce kowa ya riƙe bargon gaggawa, amma da na saya na buɗe sai na ga wata leda ce mai sheƙi kamar ta naɗin biskit. Anya wannan za ta hana mutum jin sanyi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka tafi da ita, amma ka san iyakar aikinta. Hukumar NASA ta Amurka ce ta ƙirƙiro wannan bargo a shekarar 1964 domin ayyukan sararin samaniya. Roba ce siririya da aka lulluɓe da sanholo, nauyinta kamar giram 50, kuma idan aka ninke ta tana shiga aljihu. Ba ta samar da ɗumi da kanta. Zafin da jikinka yake fitarwa shi take maido maka, sannan ta tare iska da ruwan sama, waɗanda suke saurin kwashe ɗumin mutum a kan dutse.

Tsawon Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, kuma a bisa ƙiyasi zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Ke nan wanda ya bar Buea yana gumi zai iya tarar da sanyi mai ratsa ƙashi a can sama, balle mutumin da jikinsa ya saba da zafin Garwa. Idan zafin cikin jiki, wanda yake kusan digiri 37, ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari: mutum ya fara makyarkyata, harshensa ya yi nauyi, yana tuntuɓe, yana kasa zuge zif ɗin rigarsa da yatsunsa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a naɗe mutum da bargon alhali yana zaune a kan dutse mai sanyi, da jiƙaƙƙiyar riga a jikinsa. Ledar ba ta da kauri, saboda haka ba ta hana ƙasa tsotse ɗumin jiki. A fara cire masa jiƙaƙƙun kaya a sa masa busassu, a shimfiɗa jaka ko tabarma ya zauna a kai, sannan a lulluɓe shi har kansa, a bar fuska a buɗe, a cusa bakin ledar ta ƙasa don kada iska ta shiga. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai ɗumi da sukari, kuma kada a murza masa hannuwa da ƙafafu. Bayan ɗan lokaci gumi yana taruwa a cikinta ya jiƙa tufafi, don haka a riƙa dubawa.

Ledar tana yagewa da sauri idan ta taɓa kaifin dutse, kuma ba a kusantar wuta da ita. Sheƙinta yana taimaka wa masu neman ɓatacce su hango shi daga nesa. Wadda ka riga ka buɗe da wuya ta koma ninkinta na farko, sai ka sayi sabuwa ka sa a aljihun sama na jakarka, tare da rigar sanyi mai kauri da jakar barci (bargo mai siffar jaka da ake shiga ciki a kwanta), waɗanda su ne za su kwana da kai.