Tambaya da Amsa: Shamfun ganye zai tsayar min da zubewar gashi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni mai shayarwa ce, ɗana na fari wata huɗu ke nan. Tun da ya shiga wata na uku gashina yake zuba. In na yi tsifa sai in tara dunƙule ya kai ƙwan kaza, har gefen goshina ya fara haske. Maƙwabciyata ta sayo min shamfun ganye a babbar kasuwa, sefa 4,000, an ce akwai darbejiya da shebe, garin nan na gyaran gashi, a ciki. Sati uku ina wanke kai da shi, ban ga canji ba. Surukata ta ce nono ne yake cinye gashin, sai na yaye zai tsaya. In ci gaba da shamfun ko in nemi wani?

Ƙanwarki daga Yelwa, Garwa.

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana.

Ki kwantar da hankalinki. Ni ma haka ta same ni a haihuwata ta biyu, muna Marwa lokacin, har kuka na yi a gaban madubi. Lokacin da mace take da ciki, sinadarin estrojin yana yawa a jikinta, shi ne yake riƙe gashin da ya kamata ya zube. Shi ya sa masu ciki da yawa gashinsu yake cika. Bayan haihuwa sinadarin ya sauka, sai duk gashin da aka riƙe wata tara ya biyo juna, galibi daga wata biyu zuwa huɗu. Dama ko lafiyayyen mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 kullum, ke kuma kina da kitso, ba ya faɗuwa sai ranar tsifa ki gan shi a dunƙule. Ga yawancin mata yana lafawa da kansa, kafin yaro ya shekara kai ya fara cikowa. Ki faɗa wa Mama cikin ladabi cewa ba laifin nono ba ne, wadda ba ta shayar ba ma tana yin sa. Don Allah kada gashi ya sa a yi wa yaron nan yaye da wuri.

Shamfun kuwa, minti nawa yake yi a kanki kafin ki ɗauraye? Aikinsa wanke datti da maiƙo, mai kyau ya rage amosani. Abin da yake faruwa a jininki bai isa can ba. In ba ya sa miki ƙaiƙayi ko bushewa, ki ƙarar da kwalbar, amma kada ki sake kashe wani kuɗin a kai.

Ki yi wannan gwajin ranar tsifa: ɗauki sili ɗaya ki duba. In dogo ne da ɗan farin ɗigo a gindinsa, daga tushe ya zube, na jego ne. In guntaye ne babu ɗigon, karyewa yake yi, a nan ne kayanmu na gida suke da amfani sosai. Shebe na matan Cadi, wanda ake haɗawa da kanumfari da mahalab, ba a fatar kai suke sa shi ba. Kwaɓa shi suke da mai, su shafe jelar gashin, su kitse, ya kwana da kwanaki yana riƙe danshi. Tsawon da kike gani a kansu daga rashin karyewa yake. Shebe da aka zuba a shamfu aka wanke nan take bai yi wannan aikin ba.

Ni da karkashi nake wanke nawa, wanda a Njamena suke kira ambunu, yanzu har Turai da Amurka ake kai shi a leda. Ki jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi ya yi yauƙi, ki tace, ki wanke. Santsinsa yana warware gashi, mataji ya wuce ba fizga. Sannan ki bi da man kaɗe, musamman da hunturu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne goshin nan. Kitso mai ja, ƙananan kalaba da ƙarin gashi mai nauyi suna tuge gaban kai, in aka daɗe ana yi tushen yana mutuwa, ba man da zai dawo da shi. Ki ce wa mai kitsonki ta yi manya, sako-sako. In kin tashi daga gabanta kina jin fatar kanki tana zafi, ta ja da yawa. Man miƙar da gashi ma ki ajiye shi tukuna.

Sannan ki je a auna miki jini. Ƙarancin sinadarin ƙarfe bayan haihuwa yana ƙara zubewar, haka zazzaɓi mai zafi kamar na cizon sauro ko taifot yana zubar da gashi wata biyu ko uku bayan an warke. Ki ci hanta, wake, zogale da kifin Binuwai, ki bar shan shayi a kan abinci don yana rage shigar ƙarfen jiki. Za ki ji ana ambaton minoxidil, maganin tsirar da gashi, a kantin magani, kada ki shafa kina shayarwa sai likita ya ce. In kin ga wuri ya kwaɓe kamar kwabo, ko ƙuraje, ko yaro ya shekara abin bai lafa ba, likitan fata za ki nema, a duba har da maƙoƙo.

Gashi santimita ɗaya yake yi a wata, saboda haka ki ba shi wata uku, sai ki rubuto min ko ƙananan sili sun fara tsirowa a goshin.