Ga mai tambaya kan yaron da ke ɓoye tuwo

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce ɗanki yana ɓoye tuwo ƙarƙashin katifa, yana fitsarin kwance, da ya ji ƙarar babur sai ya shige bayan ƙofa, kina tambaya ko duka zai gyara shi. Don girman Allah kar ki taɓa shi. Ni na daki nawa, har yau abin yana cin raina.

Shekararsa bakwai lokacin da mutanen nan, 'yan Boko Haram, suka shigo Gwoza a watan Agustan 2014. Ba mu samu hanyar gudu ba, muna ciki har sojoji suka ƙwace garin a watan Maris na 2015. Kun san yadda aka yi da mata, ba fita. To wannan yaron shi ne ƙafarmu. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne kai niƙa, in ya dawo ya raɗa min gidan da aka shiga yau. Littattafansa na boko mun binne a bayan murhu, amma sai in gan shi yana rubutu a ƙasa da tsinke, da ya ji motsi ya goge da ƙafa.

Babansa malamin firamare ne, kwana tara ya yi a cikin rumbu. Maƙwabciyarmu ce ta nuna gidan. Matar da na dafa wa ruwan wankan jego kwana arba'in! Su uku suka shigo, ɗaya ya ɗora wa yaron bakin bindiga a kafaɗa ya ce, “Ina babanka?” Ya ce, “Ya hau dutse tun tuni.” Ko kallon rumbun bai yi ba. Ni da na haife shi ƙafafuna sun kasa ɗaukata. A daren babansa ya bi ta dutse ya tsira. Kuma wai matar nan, muna layin karɓar abinci a sansanin Bakassi a Maiduguri, ta ce min, “Ashe kuna nan?” Ban tanka mata ba. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

A sansanin ne na tarar da ruɓaɓɓen tuwo cikin tsummansa, na zane shi da tsintsiya. Bai yi kuka ba. Cewa ya yi, “Mama, na Baba ne, ko za su dawo.” Na manta shi ne mai zura masa abinci a rumbu.

Ki samo masa ɗan kwano mai murfi, ki ce nasa ne, ki riƙa sa masa ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, abin da ba ya lalacewa. Fitsarin kuma ki shimfiɗa leda, ki wanke da asuba kafin kowa ya tashi, kar ki bari 'yan'uwansa su yi masa amalala. Ki ba shi abin kula. Nawa ɗan akuya ne ya fara dawo masa da dariya. In kin ga firgitar dare ta ƙi tafiya ku je asibiti, ba hauka ba ne, kar surutun dangi ya hana ki.

Yanzu ya gama sakandare, ya fi babansa tsawo. Jiya ma da zan wanke wandonsa sai da na zazzage ƙuli-ƙuli daga aljihu.