Ƙanena ya fara tsira allura: mu kulle shi ko mu bar masa sirinjin?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan shekara 24 ya daɗe yana shan kodin da taramol, yanzu kuma mun gano ya koma tsira wa kansa allura. Wasu masu aikin sa-kai da ke bibiyar irinsu sun ba shi sababbin sirinji, ni kuma suka ba ni wani magani wai shi nalokson, in ajiye saboda ɓacin rana. Kawunmu ya ce wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne, gara a kai shi wani gida a kulle shi wata uku har abin ya fita daga jininsa. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ki riƙe nalokson ɗin, domin magani ne da ke farfaɗo da wanda ƙwaya irin su kodin ta danne masa numfashi, kada kowa ya sa ki jefar da shi, kuma kada ki yarda a kai yaron nan gidan kulle.

Batun sirinji ba zai ci mana lokaci ba. Wanda ya riga ya fara allura ba rashin sabuwa ke hana shi ba, ta abokinsa zai ara, kuma ta nan ne ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C ke shiga. A birnin Amsterdam, a 1984, ƙungiyar masu ta'ammali da ƙwayoyin da kansu ce ta tsaya aka fara musayar tsofaffin allurai da sababbi, saboda fargabar ciwon hanta. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin binciken da aka tara kan irin wannan shiri, ba ta sami shaidar cewa yana ƙara yawan masu allura ba. Ga kuma wani amfani da dangi ba sa gani: mai miƙa masa sirinjin nan shi kaɗai ne ma'aikacin lafiyar da ƙanenki yake yarda ya yi wa magana, kuma ta hannunsa ne wata rana zai taka asibiti.

Maganar kawu ce ke damuna, don kullum sai na ji ta, kuma na ga ƙarshenta. Mutane sun ɗauka ƙwaya wata dauɗa ce a cikin jini, idan an tsare mutum ta wanke shi ke nan ya warke. Ita ƙwayar ai ba ta buƙatar wata uku. Cikin 'yan kwanaki ta bar jiki, azabar yankewa kuma, wato amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci, takan yi tsanani a rana ta biyu zuwa ta uku, ta lafa cikin mako guda ko makamancin haka. Abin da bai fita ba shi ne ƙishirwar abin a ƙwaƙwalwa. Tana nan daram, watanni, wani lokaci shekaru.

To ga inda ajali yake laɓewa. Jikin mai shan irin waɗannan ƙwayoyi kullum yakan saba da su, har ya riƙa ɗaukar adadin da zai kashe ni ko ke nan take. Da an yanke masa na 'yan makonni, wannan sabo ya zube. Ƙishirwa tana nan, juriya ta tafi. Ranar da aka buɗe masa ƙofa, ya fito da ƙiba da haske, dangi suna ta hamdala, sai ya faki ido ya nemi daidai adadin da ya saba, domin shi ne ma'aunin da ya sani. Wannan karon numfashinsa ne zai tsaya. Kuma da yake yana jin kunyar a ce ya koma, a ɓoye zai yi, shi kaɗai, ya sa sakata. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya gano cewa a makonni biyun farko bayan fitowarsu, haɗarin mutuwarsu ta hanyar ƙwaya ya ninka na sauran jama'a sau 129. Gidan yari ne ko gidan mai cewa yana da asirin raba mutum da shaye-shaye, jiki bai san bambanci ba.

Shi kansa zaman kullen ba lafiya lau ake yin sa ba. Amai da gudawa ba ruwa ba kulawa suna iya kashewa. Idan kuma yana haɗawa da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, ko giya, yanke su farat ɗaya kan jawo jijjiga mai kisa. Masu waɗannan gidaje ba sa tambayar me yake sha, balle nawa. Su dai a biya, a kawo shi, a sa mari. Idan ya fito ya mutu bayan kwana biyar, ba mai komawa ya tuhume su, sai a ce yaron ne bai ji magani ba. Abin na ci mini tuwo a ƙwarya, domin iyalan da ke kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, ƙauna ce da gajiya suka kai su, wasu kuma suka mai da gajiyar tasu hanyar cin abinci.

Abin da ke aiki sananne ne, ba sabon abu ba. Tun shekarun 1960 likitoci biyu a New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna amfanin metadon, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi, tare da bufrenofin, cikin jerin muhimman magunguna. Ana sha kullum a ƙarƙashin kulawar likita, ƙishirwar ta kwanta, mutum ya iya tashi ya je aiki. Waɗanda suke kan wannan magani haɗarin mutuwarsu kan ragu da kusan rabi. Za ki ji ana cewa ai sauya ƙwaya da ƙwaya ne. Ki bar su da faɗa. Abin haushin shi ne a wurare da yawa takardun izini da dogon layi sun sa samun maganin ya fi samun ƙwayar wuya nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙungiyoyin masu aikin sa-kai, irin waɗanda suka ba ki nalokson, suke ta fafutuka da hukumomi. Ki tambaye su cibiya mafi kusa da ke bayarwa.

Yanzu nalokson. Alamomin da za ki lura da su, na cewa ƙwayar ta yi masa yawa: ba ya farkawa ko an girgiza shi da ƙarfi, numfashi a hankali ƙwarai ko wani minshari mai kama da shaƙewa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, leɓe da farce sun yi duhu ko toka-toka. Wannan minsharin ba barci ba ne, kada a ce a bar shi ya huta. Kada a sheƙa masa ruwa, kada a ɗura masa komai a baki. Ki ba shi maganin yadda suka nuna miki, wani ya kira agaji, idan ba ya numfashi ki hura masa iska baki da baki. Minti biyu zuwa uku bai motsa ba, ki ƙara na biyu. Idan numfashi ya dawo ki kwantar da shi a gefensa. Ko ya farka yana faɗa, sai an kai shi asibiti, domin ƙarfin nalokson yakan ƙare tsakanin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana iya fin haka daɗewa ta sake danne shi. Taramol kuma yana kawo jijjiga wadda nalokson ba ya tsayarwa. Idan kika ba shi alhali ba irin wannan ƙwayar ya sha ba, ba zai cutar da shi ba, don haka kokwanto kada ya riƙe miki hannu.

Shi kuwa kawu kada ki yi masa gardama a gaban mutane. Ki same shi shi kaɗai, ki roƙe shi ya raka ku wurin likitan da ke duba masu shaye-shaye kafin a yanke shawara, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Ƙanen naki kuma ki nemi alkawari biyu wurinsa, waɗanda zai iya cikawa tun yau: ba zai sa sakata ba, kuma ba zai haɗa allurar da ƙwayar barci ko giya ba. Ki nuna wa wani mutum ɗaya a gidan inda kika ajiye nalokson da yadda ake amfani da shi, saboda ranar da ba kya nan.