Yadda za ki sa ɗalibai su karanta kafin lacca

Malama, na gane damuwarki: kina ba ɗalibai abin karantawa, ranar lacca aji ya yi tsit don babu wanda ya buɗe, shi ne kike tambaya ko manhajojin rubuta sharhi tare a gefen shafi za su taimaka.

Suna taimakawa ƙwarai, na gani a ajina a Samaru. Hypothesis da Perusall aka fi sani. Kina ɗora maƙalar, ɗalibi ya yi wa jimlar da ta ɗaure masa kai alama, ya rubuta tambayarsa a gefe, wani ya amsa masa. Abin da ya fi faranta min rai shi ne masu kunyar ɗaga hannu a aji. A rubuce sai ki ga sun fi kowa zurfin tambaya.

Amma kada ki ce musu "ku yi sharhi" kawai, za su cika miki shafi da "na yarda". Ki ce kowa ya kawo tambaya ɗaya, ya amsa ta wani. Ki raba su rukuni-rukuni, ki ware ɗan maki, sannan ki buɗe lacca da tambayoyinsu.

Takardar da aka ɗauki hotonta daga fotokwafi ba ta karɓar alama sai an mayar da ita rubutu. Yawancin ɗalibai kuma da waya suke aiki, data ga tsada, don haka ki fara gwadawa a wayarki.

Haɗa manhajar da shafin jami'a aikin sashen kwamfuta ne. Kan haƙƙin mallakar littafi kuwa, ki tuntuɓi ma'aikatan ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wato babban ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello, kafin ki ɗora babi sukutum.