Hukuncin Hasashen Wasan Ƙwallon Jami'o'in Amurka da Zuba Kuɗi a Kansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a jihar Michigan ta Amurka, ina karatun ƙididdiga. A nan ba a wasa da ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i, musamman karawar Michigan da Ohio State da ake yi ƙarshen Nuwamba. Na haɗa wani lissafi a kwamfuta mai ƙiyasta wanda zai ci. A ɗakin kwananmu kowa kan zuba dala biyar, wanda ya canka daidai ya kwashe, kuma na taɓa kwashewa sau biyu. Wani abokina ya ce hasashen kansa kutse ne cikin gaibu. Wani ya ce ba komai tunda ilimi nake aiki da shi ba sa'a ba, har ya kawo mini ƙissar Sayyidina Abubakar da Rumawa. Akwai kuma masu son in riƙa sayar musu da hasashen. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokanka biyu kowanne ya riƙo gefe guda na gaskiya, ya saki ɗayan.

Hasashen kansa babu laifi a cikinsa. Manomi kan dubi hadarin gabas ya ce yau za a sha ruwa, ungozoma kan dubi mai ciki ta ce ba za ta wuce makon nan ba, ba wanda ya kira su bokaye. Gaibun da Allah ya keɓe wa kansa, kamar yadda ya zo a Suratun Namli aya ta 65 da ƙarshen Suratu Luƙman, shi ne sanin abin da zai faru a kan yaƙini. Kai kuwa zato kake ginawa a kan dalilai na zahiri: wa ya ji rauni, wa ke wasa a gida, maki nawa kowace ƙungiya ta saba ci. Da za ka je wurin ɗan duba ya buga maka ƙasa a kan wasan, to nan ne hadisin Muslim zai hau kanka, wanda ya ce duk wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Abin da ake nema gare ka shi ne ladabin harshe: ka ce "ina kyautata zato", kada ka rantse, kada ka yanke. Kai ma shaida ne a kan abin da ya faru ranar 30 ga Nuwamban 2024. Masu lissafi sun ba Ohio State rinjayen kusan maki 20, ga shi a gidanta a Columbus, amma Michigan ta doke ta 13 da 10. Ita wadda aka doke ɗin kuma ita ta ɗauki kofin ƙasa bayan 'yan makonni.

Inda gizo ke saƙar shi ne dala biyar ɗin nan. Ma'aunin caca a wurin malaman fiƙihu ba ya duban yawan kuɗi ko ƙanƙantarsu. Duk yarjejeniyar da kowa ya shiga da dukiyarsa, yana tsakanin ya ci ta wani ko a ci tasa, kuma abin ya rataya a kan sakamakon da ba a sani ba, ita ce maisir ɗin da Allah ya jera tare da giya da gumaka a Suratul Ma'ida aya ta 90, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Ku goma kun tara hamsin, ɗaya ya tafi da ita, tara sun tashi hannu rabbana. Ko da ba kuɗi ba ne, aka ce wanda ya faɗi shi zai sayi abincin dare, hukuncin bai sauya ba. Har a Bukhari da Muslim ya tabbata cewa wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" sai ya yi sadaka, kan furucin kawai, ballantana aikatawa.

Maganar cewa ilimi ne ba sa'a ba, ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Gogaggen ɗan karta ma ya fi sabon shiga iya ƙirga abin da ya fita daga hannu, wannan bai halatta masa karta ba. Sannan hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita gasar da ake sa wa lada ga harbin kibiya da tseren raƙuma da na dawaki. Ko a cikin waɗannan ukun, dubi yadda Imamu Malik ya ƙuntata ƙofar, kamar yadda yake a Risala: mutum ɗaya ne zai fitar da ladan, in wani ya riga shi ya ɗauka, in shi ya riga kowa ladan ba ya komawa aljihunsa, na mai bi masa ne, ko kuma mahalarta su ci. Wannan fa ga mahayin da ke kan doki ke nan. To ina ga wanda ke zaune gaban talabijin, bai taɓa ƙwallon ba?

Ƙissar Sayyidina Abubakar gaskiya ce, Tirmizi ya kawo ta. Farisa ta ci Rumawa da yaƙi, farkon Suratur Rum ya sauka da albishir cewa za su rama cikin 'yan shekaru, sai Sayyidina Abubakar ya ƙulla yarjejeniyar ci ko a ci da mushirikan Makka a kan haka. Sai dai a ɗaya daga cikin riwayoyin an faɗa ƙarara cewa hakan ya faru kafin a haramta irin wannan ƙullin. Waɗanda suka ce ba a shafe hukuncin ba, irin su Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun ɗaure shi ne ga abin da ke tabbatar da gaskiyar addini. Shi Siddiƙu wahayi ya riƙe, ba kirdado ba. Na san za ka iya jin wani ya ce Abu Hanifa ya sassauta irin waɗannan ƙulle-ƙulle a ƙasar da ba ta Musulunci ba. Haka ne, amma almajirinsa Abu Yusuf ya saɓa masa, Malik da Shafi'i da Ahmad ma haka, kuma a kan maganarsu muke ba da fatawa. Haram ba ta zama halal don an hau jirgi.

Haka kuma halascin doka ba halascin shari'a ba ne. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya mai hana cacar wasanni a 2018, jihohi da dama sun buɗe ƙofa, har da Michigan da Ohio, kamfanoni irin su DraftKings da FanDuel suka shiga wayar kowa. Tunda lissafi kake karanta, ga aikin gida. A farashin da suka saba sawa, sai ka zuba 110 kafin ka ci 100. Mutum biyu sun zuba a ɓangarori biyu, kamfani ya karɓi 220, ya biya mai nasara 210, ya soke 10 ko wa ya ci. Sai ka canka fiye da kashi 52 cikin ɗari kafin ka mayar da uwar kuɗinka kawai. Sayar wa masu wannan harka hasashenka taimakekeniya ce a kan zunubi, wadda aya ta 2 a Ma'ida ta hana, don ka san abin da za su yi da shi. Amma rubuta sharhin wasa ga jarida, ko yi wa ƙungiya aikin ƙididdiga a biya ka, wannan sana'a ce, ba laifi.

Saura gasar da ba a biyan ko sisi wajen shiga, wani na gefe ya sa kyauta. Malaman zamani sun saɓa a kanta. Ni abin da na natsu da shi shi ne halasci, matuƙar mai kyautar ba kamfanin caca ba ne da ke sa tsaba don kama tsuntsu. Ka kuma kula da aya ta 91 a Ma'ida, wadda ta ambaci kangewa daga salla. An saba fara wannan wasan da tsakar rana, yakan haura awa uku, ga ranakun Nuwamba gajeru a can. Azahar na iya shiga ta fita kana gaban allo.

Kuɗin da ka kwashe sau biyu, tunda ka san masu su kuma kuna kwana wuri ɗaya, ka cire abin da ka zuba, ka mayar wa kowa nasa, ka yi istigfari. Wanda ya bar makarantar ba ka da hanyar samunsa, ka ba mabuƙaci kasonsa da niyyar rabuwa da shi. Wallahu a'alamu.